Yadda Ɗan Bauchi Zai Shirya wa Gasar Tirayatalon Mai Dogon Zango

Tirayatalon gasa ce da ake haɗa wasanni uku a jere ba tare da an tsayar da agogo ba, wato ninƙaya, da tseren keke, da gudu. Mai dogon zango, wadda aka fi sani da sunan Ironman, ta ƙunshi ninƙayar kilomita 3.8, da tuƙin keke na kilomita 180, da gudun kilomita 42.2. Idan kana son ka auna nisan da abin da ka sani, ka ɗauka cewa ka fito daga ruwa, ka hau keke daga Bauchi har Gombe, ka wuce garin da kusan kilomita 30, sannan ka jingine keken ka fara gudun famfalaƙi. An fara gasar a Hawai ta ƙasar Amurka a shekarar 1978, inda mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala, kuma Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A yawancin wurare awa 17 ake bayarwa: awa 2 da minti 20 na ninƙaya, sannan dole a sauka daga keke kafin cikar awa 10 da rabi daga lokacin da aka fara.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai iyali zai iya kammala wannan gasa, amma da sharaɗin ya tsara shirinsa bisa yanayin garinsa. Jadawalin da ake samu a intanet galibi an rubuta su ne domin mutanen da ke da wurin ninƙaya a unguwarsu, waɗanda ba su san zafin watan Afrilu ba, kuma ba sa azumin wata guda a tsakiyar atisayensu. Wanda ya kwafo irin wannan jadawali ya bi shi ido rufe, da wuya ya kai wata na uku.

Kafin komai, ka je asibiti. A auna maka hawan jini, a duba zuciya, musamman idan ka haura shekara 35 ko kuwa a danginku akwai mai ciwon zuciya. Ka kuma san rukunin jininka ta fuskar sikila, domin mai AS, duk da cewa lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, yana iya shiga haɗari idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Wannan ba ya hana shi shiga gasa, sai dai ya wajaba likita ya san da maganar. Haka nan duk ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama ka, ka ajiye atisaye har ka gama shan magani ƙarfinka ya dawo.

Bayan haka sai batun lokaci. Wanda ya riga ya saba gudun kilomita 10 yana buƙatar aƙalla wata 9 zuwa shekara guda, wanda kuwa bai iya ruwa ba ya ba kansa shekara biyu. Hikima ita ce a hau matakala ɗaya bayan ɗaya: a fara da ƙaramin zango, wato mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke, kilomita 5 a ƙasa, a wuce zuwa zangon Olamfik, wanda aka shigar cikin wasannin a Sidni a shekarar 2000, mai kilomita 1.5 da 40 da 10. Sannan rabin dogon zango mai kilomita 1.9 da 90 da 21.1. Waɗannan ƙananan zango kana iya auna su da kanka tare da abokan atisaye, ba sai ka jira an shirya gasa ba. Cikakken dogon zango kuwa, wanda aka fi sani a nahiyarmu shi ne na birnin Gqeberha, wato tsohuwar Port Elizabeth a Afirka ta Kudu, kuma an fara yin na rabin zango a Rubavu ta ƙasar Ruwanda, a bakin tafkin Kivu, a shekarar 2022. Ka zaɓi gasarka tun da wuri, ka ƙirga makonni daga ranarta zuwa baya.

Ninƙaya ita ce babbar matsalar ɗan Bauchi, saboda haka a kanta zan fi daɗewa. Da yawa daga cikinmu mun koyi iyo a rafi ko kududdufi muna yara, kai a sama, ƙafafu na dukan ruwa, kuma wannan salo ba ya kai mutum mita 200 kafin numfashi ya ƙare. Abin da ake buƙata shi ne jiki ya miƙe a saman ruwa, fuska tana ciki, kana fitar da iska ta hanci da baki a cikin ruwan, kana juya kai gefe ka shaƙi sabuwa ba tare da ka ɗaga shi ba. Da zarar ka ɗaga kai, ƙugu da ƙafafu za su nutse, sai ka koma kamar mai jan buhu. Ƙarfi ba ya gyara wannan. Maimaici ne ke gyara shi, tare da idon wani wanda ya iya, ko kuma abokin da zai ɗauke ka bidiyo da waya ka ga kuskurenka. Ninƙaya sau uku a mako ta minti 40 ta fi sau ɗaya ta awa biyu amfani nesa ba kusa ba.

Wurin yi shi ne aikin. Mafi sauƙi shi ne ka nemi otal mai tafkin wanka ka daidaita da su kan kuɗin wata, kana zuwa da sassafe kafin jama'a su cika. Ka auna tsawon tafkin da igiyar awo, domin lissafinka ya dogara a kai: a mai tsawon mita 25, kilomita 3.8 na nufin ƙetarawa sau 152. Domin ka tsira daga wa'adin awa 2 da minti 20, dole kowace mita 100 ta zo ƙasa da minti 3 da daƙiƙa 40, amma ka sa burinka a kan minti 2 da rabi, saboda teku yana da igiyar ruwa da turereniyar mutane. Maɓulɓular Wikki da ke Yankari, wadda ruwanta garau yake kuma ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 duk shekara, wuri ne mai kyau na koyon ninƙaya ba tare da bangon da za ka dafa ba, da koyon ɗaga ido kaɗan bayan kowane jan hannu shida ko takwas domin ka ga inda ka dosa. Sai dai nisanta daga cikin gari ya haura kilomita 100, kuma ɗumin ruwan yana gajiyar da mutum, don haka ziyarar wata-wata ta wadatar. Madatsun ruwa irin su Gubi da Dadin Kowa kuwa, ban ba ka shawarar shiga ba. Ruwan da ke kwance a ƙasarmu yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke ratsa fata ba sai an sha ba, ga ragar masunta, ga dorinar ruwa a Dadin Kowa. Ko a ina ne, kada ka shiga buɗaɗɗen ruwa kai kaɗai.

Keke shi ne ke cin fiye da rabin lokacin gasar, shi ne kuma ya kamata ya ci rabin lokacin atisayenka. Ba sai ka sayi mai tsadar gaske ba. Keken tsere na gwanjo mai giya, wanda ya yi daidai da tsawonka, ya fi sabo mai sheƙi wanda ya yi maka girma. Ka daidaita sirdi ta yadda idan ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sarai. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya. Ka riƙa zaɓar giya mai sauƙi kana juya feda sau 80 zuwa 90 a minti, maimakon mai nauyi da ke cinye cinyoyin da za ka yi gudu da su daga baya. Hular kwano wajibi ce a gasa, kuma ya kamata ta zama wajibi a kanka kullum. Ka koyi cire taya da yin faci da hannunka, domin a ranar gasa ba mai facin bakin titi da zai cece ka, kuma a hanyoyinmu ƙaya da fasassun kwalabe za su ba ka damar koyo ko ba ka so.

Hanyar Dass tana da hawa da gangara masu gina ƙafa, hanyar Jos kuwa tana hawa a hankali ta Toro zuwa tudun Filato. Hanyar Gombe ta Alkaleri ta fi tsawo, amma manyan motoci sun yi yawa a kanta. Ka fita da zarar an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, da riga mai haske da fitilar baya, ku biyu ko uku, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ka yi nisa. Doguwar fitar ƙarshen mako za ta fara daga awa biyu, tana ƙaruwa har ta kai awa biyar zuwa shida sau uku ko huɗu kafin gasa. A nan akwai dokar da ke kama baƙi: a dogon zango an hana laɓewa a bayan wani domin ya tare maka iska, sai ka bar tazarar mita 12. Saboda haka ko kun fita tare, ka saba da karɓar iskarka da kanka.

A fannin gudu maganar gajera ce. Sau uku a mako ya isa, mafi tsawo kada ya wuce awa biyu da rabi zuwa uku, kuma gwamma ka bi turɓaya ko hanyar burji a wasu ranakun domin ka sauƙaƙa wa gaɓoɓi. Abin da ba a tsallakewa shi ne gudun minti 20 zuwa 30 nan take bayan saukowa daga keke, sau ɗaya a mako. Ranar farko da na gwada, ƙafafuna sun zama kamar na aro, har na ɗauka wani ciwo ne ya same ni; bayan makonni kaɗan jiki ya saba. A dukkan wasannin uku, kashi huɗu cikin biyar na atisaye ya kasance a saurin da za ka iya hira da abokin tafiya ba tare da haki ba. Mu kuwa idan muka haɗu, kowa so yake ya nuna shi ne gwani, kuma wannan ne ke jawo rauni. Ka fara da awa 7 ko 8 a mako, ka kai 14 ko 15 a lokacin ganiya, kowane mako na huɗu ka rage nauyi, kuma ka ware rana ɗaya ta hutu. Juma'a ta fi dacewa da yawancinmu.

Yanzu sai kalandar garinmu. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tara doguwar tafiya, domin safiya tana da sanyi, ko da yake ranar da hazo ya yi kauri gara mai asma ya zauna a gida, kuma ruwan tafki yakan yi sanyin da sai an daure. Bazara, wato Maris da Afrilu, zafi yana kusantar digiri 40, don haka duk aiki mai nauyi ya ƙare kafin ƙarfe 9 na safe. Damina tana kawo sauƙin zafi tare da santsi da ramuka da sauro. Azumi kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ka duba inda zai faɗa kafin ka biya kuɗin rajista. A cikin watan, ka ɗauke shi a matsayin lokacin riƙe abin da ka tara: ɗan gajeren motsi marar nauyi dab da buɗa-baki, ko awa guda bayan asham, ba tare da doguwar fita da rana ba. Ka bar aƙalla mako 8 tsakanin ƙaramar sallah da ranar gasa.

Ciki shi ne ke kayar da mafi yawan waɗanda ƙafafunsu suka shirya. Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a tsoka da hanta ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka dole ka riƙa ci kana tafe, kimanin giram 60 zuwa 90 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa a kan keke. Ayaba matsakaiciya tana ba da wajen giram 25, busasshen dabino kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sukari ne. Dafaffen dankalin Hausa da ɗan gishiri, da zuma a ƙaramar gora, duk suna aiki. Masa da miya, da fura da nono, da ƙosai, ka bar su sai ka dawo gida, domin mai da madara suna daɗewa a ciki. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan kowane minti 20, tun kafin yunwa ta zo. Ka kuma binciki irin abin sha da abincin da za a raba a gasar da ka zaɓa, ka gwada su tun a gida idan za su samu.

Game da ruwa, ka auna kanka. Ka hau sikeli kafin fitar awa guda da bayanta: kowane kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da lita ɗaya ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Kada ka ce za ka yi ta ɗirkar ruwa zalla, domin yawansa ba tare da gishiri ba yana rage sinadarin sodiyam a jini, kuma hakan yana iya kisa. Garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis domin masu gudawa yana taimakawa a ranakun dogon atisaye. Idan ka ji jiri, ko tsigar jiki na tashi cikin zafi, ko tunaninka ya fara rikicewa, ka tsaya a inuwa ka jiƙa jikinka, ranar ta ƙare ke nan.

Makonni uku na ƙarshe na ragewa ne: ka sauke yawan awanni a hankali har su koma ƙasa da rabi, ka ƙara barci, kada ka sayi sabon takalmi ko ka taɓa tsayin sirdi. Fasfo, da biza, da katin rigakafin shawara, da akwatin ɗaukar keke a jirgi, duk a gama da su watanni kafin nan. Ka isa garin gasar da kwana uku ko huɗu, domin ka shiga teku ka ɗanɗana gishirinsa da sanyinsa, ka kuma gwada rigar roba ta ninƙaya, wadda ake yarda waɗanda ba ƙwararrun 'yan wasa ba su sa idan ɗumin ruwa bai haura digiri 24.5 ba, tana ɗaga jiki a ruwa, amma tana matse ƙirjin wanda bai saba ba. Ka tambayi malaminka tun a gida yadda matafiyi zai yi da sallolin da za su riske shi a kan hanya. A ranar, ka tsaya a gefe ko a baya lokacin shiga ruwa, ka tuƙa kilomita 60 na farko da saurin da zai sa ka ji kamar kana wasa, ka kuma taka da ƙafa a kowane wurin raba ruwan sha idan an zo gudu, domin abin da ka sha ya shiga ciki maimakon ya zube a riga.