Yadda masana'antar wuƙa da ƙungiyar ƙwadago za su tsira daga kayan waje masu araha

Ranar 28 ga Fabrairu 2007 kamfanin Camillus Cutlery na jihar Niyu Yok a Amurka ya rufe ƙofa, bayan ya haura shekara 100 yana ƙera wuƙaƙe, har da miliyoyin da ya yi wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Wuƙaƙen Chaina sun daɗe suna cinye masa kasuwa. A 2006 masu kamfanin suka nemi zabge albashi, ma'aikatan da ke ƙarƙashin ƙungiyar United Steelworkers suka shiga yajin aiki tun daga Mayu har Nuwamba. Kafin a sasanta, manyan masu ba da oda sun koma wani wuri. Maƙwabcinsa Schrade na garin Ellenville ya riga shi faɗuwa a 2004. Wasu ne suka sayi sunayen biyu, suka ci gaba da buga su a jikin wuƙaƙen da akasarinsu a Asiya ake yi.

Duk masana'antar da ta ga tana bin wannan hanya, ga abin da shugabanninta da wakilan ma'aikatanta za su yi, kuma a yi shi tun kwangilar aiki ba ta ƙare ba.

A fara da lissafin wuƙa ɗaya

Kada a fara da jimillar asarar shekara, don ba ta nuna inda kuɗi ke zurarewa. A ɗauko wuƙar da aka fi sayarwa, a bi ta tun daga naɗin ƙarfe har kwali: datso siffar ruwan wuƙa, huda ramukan ƙusa, buga tambari, ban ruwa (gasa ƙarfe a sanyaya shi don ya yi tauri), gurza, haɗa ƙota, goge, wasa, dubawa, shiryawa. A kowane mataki a rubuta minti nawa ta ci a hannun mutum, ƙarfe nawa ya tafi a guntaye, guda nawa cikin 100 aka jefar ko aka mayar gyara. Akawu kaɗai ba zai iya wannan ba. Sai ya tsaya gefen mai gurza da agogo a hannu, wakilin ƙungiya yana gani.

Sannan a gwada abin da rage albashi zai iya yi. A ce wuƙa tana cin dala 10 kafin ta bar masana'anta, dala 4 daga ciki ladan aiki ne. Ko an yanke kashi 40 cikin 100 na albashi, dala 1 da santi 60 kawai aka rage. Wuƙar ta koma dala 8 da santi 40, ita kuwa ta waje a ce tana sauka tashar ruwa a dala 3. An ɓata wa ƙwararru rai, giɓin yana nan daram. A ƙananan wuƙaƙe masu araha ba a cin birnin Yangjiang, cibiyar ƙera wuƙaƙe ta Chaina, da farashi, kuma gara kowa a teburin ya ga haka a rubuce tun da wuri.

Daga nan sai a yi wa sauran samfura irin wannan lissafi. Tsoffin kamfanoni kan tara ɗaruruwan samfura, kowanne da bakin injinsa na datsa, da irin ƙotarsa, da kwalinsa a sito. Duk sauyin samfur yana tsayar da inji. Wanda ba ya biyan kuɗin sauyinsa a daina shi, ko da kakan mai kamfani ne ya zana shi. Opinel na Faransa ya rayu ne a kan siffa kusan ɗaya mai girma daban-daban, ƙotar katako da zoben kullewa da aka ƙara a 1955.

Ban ruwa da gurza

Nan ne masana'antar gida za ta iya fin ta waje a abin da mai saye zai ji a hannunsa, nan ne kuma aka fi asarar da ba a lura da ita. Kamfanin wuƙa na Buck da ke Amurka yana amfani da 420HC, ƙarfe mara tsada mai kabon kusan kashi 0.45 da kuromiyam kusan kashi 13, amma ban ruwansa na kai shi tauri 58 a ma'aunin Rockwell, shi ya sa kaifinsa ke daɗewa fiye da na wasu masu amfani da ƙarfe iri ɗaya.

Ƙarfen kabon irin 1095 ana kai shi digiri kusan 800 a ma'aunin Salshiyos, a tsoma shi nan take cikin mai mai saurin sanyayawa. Jinkirin daƙiƙa kaɗan tsakanin tanderu da mai ya isa ya bar shi da laushi. Bayan nan a mayar da shi tanda a digiri kusan 200, awa 2, sau biyu, don a rage masa gautsi. Idan aka tsallake wannan, bakin zai riƙa ɓarewa, wani lokaci ruwan wuƙar ya tsage tun yana kan tebur.

Ƙarfe mara tsatsa ya fi son wuta. Irin wanda ake kira 12C27 yana bukatar digiri kusan 1080, na 'yan mintuna gwargwadon kaurinsa. A irin wannan zafi iska maƙiyiya ce: tana cinye kabon ɗin saman ƙarfe, a sami ɓawo mai laushi daidai inda kaifi zai zauna. Maganinsa tanderu mai zuƙe iska, ko mai hura iskar naitirojin, ko a naɗe kowane ruwan wuƙa cikin takardar ƙarfe. A sanyaya shi tsakanin farantan alminiyam biyu don kada ya karkace. Idan ana son ƙarin tauri, a saka shi cikin busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili kafin a mayar da shi tanda. Wuce ƙima wajen zafi ma ɓarna ce, domin ƙwayoyin ƙarfen kan yi girma, wuƙar ta zama mai karyewa.

Daga kowane zubi a ware guda 3 zuwa 5, daga gaba da tsakiya da bayan tanderu, a gwada taurinsu a gindin ruwan inda ƙota za ta rufe. Idan bambancin ya wuce maki 2, tanderun ba ya raba zafi daidai ko ma'aunin zafinsa ya fara ƙarya. A rubuta sakamakon da lambar zubi, don in wuƙa ta dawo daga kasuwa a san 'yan uwanta.

Mai gurza yana iya rusa duk wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Belin injin gurza da ya dakushe yana gogar ƙarfe ne kawai yana ɗumama shi. Da zarar bakin ya yi launin ruwan kara ko shuɗi, zafi ya haura na tanda, taurin wurin ya tafi. Goge launin ba ya dawo da shi. A gurza da ruwa yana kwarara, a sauya bel kafin ya mutu, a bar kaurin baki wajen rabin milimita ko ƙasa da haka kafin wasa, a wasa a kusurwar digiri 15 zuwa 20 kowane gefe. Inda ake biyan ma'aikaci da yawan guda, shi zai matsa wa bel don ya cika adadi. Laifin tsarin biya ne, a gyara shi a ƙara lada kan gudan da aka duba aka same su lafiya.

A wuƙar aljihu kuma, ƙorafin masu saye bai cika wuce uku ba: ruwan wuƙar yana girgiza, ko yana gogar bangon ƙota, ko sifirin ya yi sanyi. Na farko daga ramin ƙusa ne da ya yi faɗi, na biyu daga karkacewar ban ruwa. Mutumin da ya shekara 20 yana haɗa su yana gane matsalar da jin ƙarar rufewa, kuma ba a samun irinsa a kasuwar neman aiki.

A teburin sulhu

Dokar ƙwadago ta Amurka ta wajabta sanarwar kwana 60 kafin a sauya ko a soke kwangilar ƙungiya, amma wanda ya jira lokacin ya makara. A zauna tun saura shekara. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1956 a shari'ar Truitt, kamfanin da ya ce ba zai iya biya ba yana iya fuskantar tilas ya nuna littattafansa. Shi ya sa lauyoyi ke koya wa manajoji su ce “gasa ta yi tsanani” maimakon “ba mu da kuɗi”. Wannan wayo yana kare sirri, amma yana kashe yarda. Kamfanin da ke son sassauci ya buɗe littafin da kansa ga akantan da ƙungiya ta zaɓa.

Ita ƙungiya kada ta ba da komai kyauta. Duk ragin da ta amince da shi ya zo da ranar ƙarewa, da sharaɗin mayarwa in riba ta kai wani adadi, da ragi makamancinsa a albashin shugabanni, da alkawari a rubuce cewa kuɗin zai shiga sabon tanderu ko inji, kuma samfura kaza ba za su bar masana'antar ba. Abin da za ta iya sassautawa ba tare da taɓa aljihun kowa ba shi ne rabon aiki: mai datsa ya koyi gurza, mai gurza ya koyi haɗi, a jera injuna wuƙa ta bi layi ɗaya ta fita a yini guda maimakon ta yi makonni cikin akwatuna. Buck ya yi irin wannan sauyi lokacin da ya bar Kalifoniya zuwa Post Falls a jihar Idaho a 2005, inda wuta da inshorar ma'aikata suka fi sauƙi.

Idan oda ta ragu, a rage awoyi kafin a rage mutane. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an hana shiga jirgin sama da wuƙar aljihu, cinikin wuƙaƙen Victorinox na Suwizalan ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Bai kori kowa ba. Ya ba wasu kamfanonin yankin aron ma'aikata, ya faɗaɗa agogo da jakunkuna, a 2005 ma ya sayi abokin gasarsa Wenger. Jihohin Amurka da dama suna da shirin raba aiki da ke cike wa ma'aikaci wani ɓangare na awoyin da ya rasa.

Yajin aiki haƙƙi ne, amma a fara ƙirga odar da ke hannu. Masana'antar da ke ƙera wa wasu kamfanoni wuƙa da sunansu, kamar yadda Camillus ya yi, tana rataye ne a kan ranar kai kaya. Mai oda da ya kwashe zanensa ya kai Taiwan ko Chaina, ya biya kuɗin sabon bakin inji a can, ba ya dawowa. Dokar Amurka kuma ta bar kamfani ya maye gurbin masu yajin neman albashi har abada. Tun kafin a kai nan a kira masu shiga tsakani na gwamnatin tarayya, a amince a ci gaba da aiki bisa tsohuwar kwangila wata-wata.

Tambari da kasuwa

Shigo da ƙananan samfura daga waje ba laifi ba ne in an raba su da suna daban, an rubuta ƙasar da aka yi su ɓaro-ɓaro. Hukumar kasuwanci ta Amurka ba ta yarda a rubuta cewa a Amurka aka yi kaya ba sai in kusan dukkansa a can aka yi. Jamus ta kare sunan Solingen, birninta na ƙera wuƙaƙe, da doka tun 1938. Kamfanin Case na Bradford a jihar Pensilbeniya yana sa alamar shekara a gindin ruwan wuƙa tun 1970, masu tara wuƙaƙe suna saye don wannan. A ƙara da garanti na gaske da wasa wuƙa ga duk wanda ya aiko da tasa, abin da mai shigo da kaya a kwantena ba zai iya ba.

Harajin kwastam yana iya sayo lokaci. Harajin kwastam na Dingley da Amurka ta sa a 1897 ne ya sa Adolph Kastor, wanda da shigo da wuƙaƙen Jamus yake yi, ya nemi masana'anta a garin Camillus a 1902. Sai dai gwamnati na iya sauya shi, wani lokaci ma ya hau kan ƙarfen da masana'antar ke shigowa da shi, don haka a yi lissafin kowace wuƙa sau biyu, da harajin da kuma babu shi.