Tafiya Bikin Nunin Tufafi da Iyali: Yadda Ake Haɗa Kaya da Zaɓen Masauki

Tela ko mai zana tufafi da aka gayyata bikin nunin kaya a wani gari yakan so ya tafi da iyalinsa su ɗan sha iska. Abin yana yiwuwa, amma sai an raba tafiyar gida biyu tun daga gida: kwanakin aiki a gaba, na hutu a baya. Wanda ya fara da yawon buɗe ido zai shiga ranar nuni a gajiye, kayan kuma sun daɗe a ƙunshe cikin akwati.

Abu na farko shi ne a samu rana a rubuce daga masu shirya bikin. Makon nunin kaya na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, yakan faɗo ne a ƙarshen Oktoba, lokacin da yara ke tsakiyar zangon karatu, don haka a yi magana da makaranta kafin a yanki tikiti. Na kayan mata a Paris sau biyu ake yi a shekara, ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, sai ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Na Dakar, da mai zana tufafi Adama Paris ta fara a 2002, da bikin nunin kayan Afirka na FIMA da mai zana tufafi ɗan Nijar Alphadi ya buɗe a 1998 a hamadar Tiguidit kusa da Agadas, lokutansu sun sha canzawa. Kuma ba ranar nuni kaɗai ake tambaya ba. A tambayi ranar gwaji, wato ranar da za a sa wa masu tallan kaya tufafin a ga ko sun zauna, domin ita ce ainihin ranar da ake buƙatar mutum. A isa garin kwana ɗaya kafin ta, kwana biyu idan za a tsallaka ƙasa.

Takardu

A duba fasfon kowa, musamman na yara, domin shi ake mantawa har ya ƙare. Ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata 6. Bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da Italiya da ita, ana iya nemanta tun wata 6 kafin tafiya, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowane matafiyi, da shaidar masauki. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza zuwa Senegal ko Ghana, amma a riƙe katin rigakafin shawara. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da yara, a tanadi takardar haihuwarsu da wasiƙar amincewar ɗayan.

Akwai kuma takardar kayan kansu. A rubuta kowace riga, irin yadinta da kimar kuɗinta, a haɗa da wasiƙar gayyata. Jami'in kwastan da ya buɗe akwati ya ga sabbin riguna 20 zai ɗauka na sayarwa ne, sai an nuna masa cewa samfur ne na nuni da za a koma da su.

Haɗa kayan nuni

Nan ne aikin yake. Kafin a naɗe komai, a nemi awon masu tallan kayan daga masu shirya biki: ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawo da lambar takalmi. A bar rarar yadi kamar inci 1 a ɗinkin gefe, kada kuma a kammala kalmasar ƙasa da keke, a ɗan kama ta da allura kawai. Rage riga a wurin gwaji abu ne mai sauƙi, ƙara ta kuwa ba ya yiwuwa idan an riga an yanke.

Kowace shiga a ba ta lamba. A ɗauki hotonta cikakkiya, riga da zane ko wando, ɗankwali ko hula, takalmi da sarƙa, a buga hoton a manna a jikin ledarta. Ƙananan abubuwa kamar 'yan kunne da awarwaro a sa su a ƙaramar leda a rataya a wuyan hangar. A bayan fage sauri ake yi, mai tallan kaya na iya samun 'yan mintoci kaɗan ta canza, kuma wanda zai taya ta sawa bai taɓa ganin kayan ba. Hoton ne zai gaya masa inda komai yake tafiya.

Kowane yadi da halinsa. Shadda bugaggiya ba ta son ruwa ko tururi, yana kashe mata ƙyalli kuma ya bar tabo, don haka a naɗe ta a kan tsohon ninkinta, idan za a goge a goge ta bai-bai. Leshi mai duwatsu yana kama zaren duk abin da ke kusa da shi, a juya shi ciki waje a sa farar takarda mai laushi tsakanin ninki. Kayan rini na baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, suna zuba a jikin farin yadi ko da ba a jiƙa su ba, musamman idan akwati ya ɗau zafi. A ware musu leda tasu su kaɗai. Babbar riga mai aiki ita ce mai nauyi, ta kwanta a ƙasan akwati, kuma kada a ninke ta a kan aikin. Atamfa da auduga ba su da rigima, su a naɗe su kamar tabarma a cike gurabe da su. Turare da man shafawa ba sa shiga akwatin kayan nuni ko kaɗan, kwalba ɗaya ta fashe ta gama da aikin wata uku.

A yawancin jiragen ƙetare nauyin akwati ɗaya kilo 23 ne, jakar hannu kuma wajen kilo 7, na cikin gida sukan ba da ƙasa da haka, don haka a karanta abin da ke jikin tikiti a auna a gida. Tafiya da iyali tana da amfani a nan: a rarraba kayan nunin a akwatuna biyu ko uku maimakon a tara su a ɗaya, yadda in ɗaya ya makara ba a rasa duka ba. Shigar buɗe fage da ta rufewa su tafi a hannu. Almakashi da reza suna shiga babban akwati, a jakar hannu za a karɓe su a wurin bincike. Fawa bank kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi. Ruwa ko mai a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100.

A haɗa ƙaramar jakar gyara: allurai, zare na kowace kalar da ke cikin kayan, fil, tef ɗin awo, alli, zif biyu ko uku, maɓallai da ragowar duwatsu. Masu zuwa Dakar ko Paris su sayi adafta, domin soket ɗin can mai rami biyu zagayayyu ne, filogin dutsen guga na Nijeriya mai ƙafa uku ba zai shiga ba.

Masauki

Kusanci da wurin biki ya fi kyan ɗaki muhimmanci. A Legas filin jirgi yana Ikeja, manyan bukukuwan kaya kuma galibi a Victoria Island ake yin su. Wanda ya kama masauki mai araha a Ikeja zai riƙa tsallaka gada safe da yamma cikin cunkoso, abin da ya rage a kuɗin ɗaki ya tafi a kuɗin mota. A buɗe taswirar waya da ƙarfe 8 na safe da 5 na yamma a ranar aiki a ga tsawon lokacin da hanyar ke ci. Nisan kilomita ba ya faɗin gaskiya.

Ga iyali mai yara, gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗaki biyu ko uku ya fi otal. Akwai kicin da za a dafa wa yara abin da suka saba, ba a damu da neman abincin halal sau uku a rana ba, kuma mafi muhimmanci, ana iya ware ɗaki guda a rataye kayan nuni a kulle. Yaro da hannun mai ko kofin zoɓo ba ya haɗa ɗaki da farin leshi. Otal yana da nasa amfanin, wuta da tsaro da mai karɓar saƙo dare da rana. In shi aka zaɓa, a nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a kuma tambayi adadin mutanen da aka yarda su kwana a ɗaki, domin a Turai ana ƙirga har jariri, ba a kuma sassautawa.

Kafin a biya, a yi wa mai gida tambayoyi a rubuce. Wuta awa nawa ake samu, kuma janareto ne ko inbata? Inbata da yawa ba sa ɗaukar dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki, ga mai nunin kaya kuwa guga ba abin wasa ba ne. Kuɗin man janareto yana cikin haya? Nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna, yaushe ake mayarwa? Hawa na nawa ne, akwai lif? Tsofaffin gidajen Paris da yawa ba su da shi, hawa biyar da akwatuna huɗu da goyo wahala ce. Idan akwai baranda ko wurin ninkaya, a tambaya ko suna da shinge.

Kada a tura kuɗi asusun mutum saboda hotuna kawai. A nemi ya zagaya gidan da kiran bidiyo, ya buɗe famfo, ya nuna ƙofar shiga da titi, ko a aiki wani ɗan'uwa da ke garin ya gani da idonsa. A manhajojin kama masauki irin su Booking.com ko Airbnb a biya ta cikin manhajar, a karanta ra'ayoyin baƙi na watannin baya-bayan nan, a zaɓi wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, tunda ranar biki na iya motsawa, biza ma na iya makara. Ranar shiga a ɗauki bidiyon gidan gaba ɗaya, shi ne hujja idan aka zo maganar kuɗin ajiya.

Ranar nuni kuma a san tun da wuri wanda zai zauna da yara. Ba a cika barin ƙananan yara bayan fage ba, shiga zauren da katin gayyata ne, kuma sau da yawa ana kaiwa dare. A bar wa mai kula da su lambar direba, adireshin asibiti mafi kusa da makullin gida na biyu.