Bayan MBA: Yaushe Ya Kamata Ka Bar Aikin Ba da Shawara?

Ƙanena, in McKinsey ko BCG, manyan kamfanonin da ke ba wasu kamfanoni shawara kan kasuwanci, suka ɗauke ka bayan digirin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), ba da manaja za ka fara ba. Kai ne mai tattara alƙaluma da tsara rahoto. Yawanci bayan shekara 2 zuwa 3 ake ɗaga mutum ya zama jagoran tawaga, wanda bai kai ba a sallame shi cikin mutunci.

Shawarata, kada ka fita kafin wannan ƙarin girma. Mai gaggawa yakan ƙare a ƙaramin matsayi a sabon wurin aiki, wanda ya riƙe tawaga shekara guda kuwa yana iya neman kujerar babban manaja.

Tun yau riƙa rubuta kowane aiki: nawa ka ceto wa kamfani, mutum nawa ka jagoranta. Su za a tambaye ka ranar intabiyu.