Yadda ake kwashe waƙoƙin tsohon fim ɗin Indiya daga kaset ba tare da an kashe musu rai ba

A gidaje da dama a Katsina har yanzu akwai kaset-kaset na waƙoƙin Indiya ajiye cikin akwati, irin na Mother India na 1957, wanda Naushad ya tsara kiɗansa, su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka rera. Zafin bazara da ƙurar hunturu na cin zaren, gara a kwashe su tun da wuri.

Fara da rakodar. Jiƙa auduga da sifirit ka goge ƙarfen da zare ke gogawa da 'yar tayar robar da ke jansa, ka bari su bushe. Leƙa bakin kaset ɗin: a bayan zare akwai ɗan soso. In ya faɗi, sauti zai fito a dishe, sai ka ciro na wani kaset ka manna. Zaren da ya saki kuma a naɗe shi da biro. Gudun zare santimita 4.76 ne a daƙiƙa. Batir mai sanyi ko bel da ya saki kan rage shi, muryar Lata ta yi kauri tana lilo. Sa sabon batir.

Haɗa ramin iyafis na rakodar da kwamfuta, ka buɗe Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti, kyauta ce. A wurin saita ingancin ɗaukar sauti, zaɓi 44,100 Hz. Kada ƙarar ta wuce -6 dB a ma'aunin ƙara na manhajar, domin inda mawaƙiya ta ɗaga murya nan sauti ke fashewa, kuma ba ya gyaruwa.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne cire shuu ɗin kaset. Abin da ke sa ido ya ciko a waɗannan waƙoƙi yana cikin siririn kukan goge da sarewa, da numfashin da mai rerawa ke ja kafin baiti. Duk suna zaune ne kusa da shuu ɗin. In ka matsa wa manhajar, sai ta kwashe su tare, muryar ta koma ta gwangwani. Rage kaɗan, 6 dB ya isa, ka saurara da iyafis kafin ka amince. Kada kuma ka yanke kiɗan farko don waƙar ta fara da wuri. Shi ke shirya zuciya.

Waƙoƙin wancan zamani ta hanyar sauti ɗaya aka ɗauke su, ba a raba na kunnen hagu da na dama ba, ka bar su a haka. Ajiye asalin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, sannan ka fitar da MP3 mai 192 kbps don waya da memori.