Darasi na 7: Furen Koriyofsis, Gane Shi da Shuka Shi

Koriyofsis fure ne ruwan ɗorawa da ke fitowa da kansa a filayen ciyawa da gefen titi a Amurka ta Arewa. A can babu mai yi masa ban ruwa, babu mai yi masa noma. Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka ta zaɓe shi ya zama furen dajinta a shekarar 1991. Yana da iri-iri, amma yau za mu tsaya kan wanda masana tsirrai ke kira Coreopsis lanceolata.

Ko ba ku taɓa ganinsa ba, kun san danginsa. Shuwaka da ake miya da ita, latas na lambu, da kashin yawo mai sukar ƙafa a gona, duk gidansu ɗaya. Alamar wannan gida ita ce: abin da ido ke ɗauka fure guda, tarin ƙananan furanni ne da suka haɗa kai wuri ɗaya.

Yadda ake gane shi

Tsayinsa kamar santimita 30 zuwa 60. Ganyensa siriri ne, dogo, mai tsini, kuma yawancinsa a gindi yake taruwa. Wanda ya hau kara yakan fito biyu-biyu, suna fuskantar juna. Daga nan sai karan ya miƙe sumul, ya ɗauko fure ɗaya a kansa.

Yanzu ku kusanto da furen. Ku ƙirga ganyayen rawaya da suka kewaye shi: galibi takwas ne. Bakin kowanne ba a shafe yake ba, yana da 'yan haƙora kamar an ɗan tsattsaga shi da almakashi. Tsakiyar ma rawaya ce. Sannan ku juya furen ku dubi ƙeyarsa, domin a nan mutane da yawa suke sakaci. Za ku ga ƙananan ganye jeri biyu: na waje sirara ne, kore, a buɗe, na ciki sun fi faɗi, sun rungume furen. Furanni masu launin rawaya suna da yawa, amma wannan jeri biyu yana taimakawa ƙwarai wajen raba shi da saura.

Irinsa baƙi-baƙi ne, shimfiɗaɗɗe, mai kama da kaska. Ba ya cizo, ba ya kuma maƙale wa riga yadda kashin yawo ke yi.

Akwai ɗan'uwansa, Coreopsis tinctoria, mai jar tsakiya da ganye tsaga-tsaga. 'Yan ƙabilar Zuni na Amurka sun daɗe suna rini da furensa.

Yadda ake shuka shi

Ku nemi wurin da rana ke duka sosai, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya. Ku sassabe, ku baje ƙasar, ku yafa irin a sama, ku danna shi da tafin hannu. Kada ku binne shi, domin yana buƙatar haske kafin ya tsiro. Ku riƙa yayyafa ruwa a hankali don kada iri ya gudu. Cikin mako biyu zuwa uku zai fara leƙowa. Idan ya yi cunkoso, ku rage, ku bar tazarar kusan santimita 30.

Ga inda manomi zai yi mamaki: wannan tsiro ba ya son taki da yawa. Idan aka cika masa, sai ya yi ganye jingim, karansa ya yi laushi ya kwanta, fure ya ragu. Da zarar saiwa ta kama, yana jure ƙishi. Jiƙar da ba ta bushewa ce ke ruɓar da shi. Mai siririn ganye, wato Coreopsis lanceolata, yakan kai shekara ta biyu kafin ya yi fure sosai, amma mai jar tsakiya a shekararsa yake yi, ya mutu. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna son su duka.

Furen da ya yanƙwane, ku tsinke shi. Hakan yana sa wasu su fito, yana kuma hana iri zubewa. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. An kai mai siririn ganyen Japan don ado, ya bazu a bakin koguna ya danne tsirran ƙasar, har a 2006 hukuma ta sa shi cikin baƙin tsirrai masu ɓarna, ta hana shuka shi. Saboda haka duk wanda ya samu irin, ya tsare shi a tukunya ko cikin gida, kada ya watsa a gona ko makiyaya.

Aiki

Ku samo furen shuwaka ko na latas da ya tsufa. Ku buɗe kai ɗaya da farce, ku ƙirga ƙananan furannin da ke ciki, ku rubuta adadin a littafinku. Ƙarƙashinsa ku rubuta alamomi uku na gane koriyofsis, ku zo da shi aji na gaba.