Babi na 6: Neman aikin talla a reshen banki

Darasi na 1: Wane irin aiki ne?

Ba zama ne a bayan kanta ana ƙirga kuɗi ba. Fita za ku yi, kasuwa-kasuwa, shago-shago, kuna shawo kan mutane su buɗe asusu. Kowane wata akwai adadin da za a ɗora muku, shi ma'aikata ke kira taget. Sau da yawa wani kamfani ne daban yake ɗaukar ma'aikatan ya tura su reshe, don haka ku tambayi wanda zai riƙa biyan albashi, da kuma ko akwai kamasho.

Darasi na 2: Takardu, musamman suna

Ku tanadi CV mai shafi ɗaya (taƙaitaccen tarihin karatunku da aikinku), takardar gama makaranta, katin NIN, lambar BVN, hoton fasfo, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru. Mai digiri ko HND ya haɗa da takardar NYSC. Akan nemi masu tsaya wa mutum, galibi biyu. Ku nemi yardarsu kafin ku rubuta sunansu.

Yanzu ku natsu, nan ne ake yawan faɗuwa. Ku shimfiɗa takardun nan gaba ɗaya a tabarma. Ku ɗora yatsa a kan sunanku na takardar farko, ku karanta harafi-harafi. Ku koma ta biyu, ku sake. Kada ku yi sauri, ba wanda yake korar ku.

A wurinmu Muhammad da Mohammed da Muhammed suna ɗaya ne. A wurin kwamfutar banki mutum uku ne. Haka Aisha da Aishatu, haka Abubakar da Abubakr. Harafi ɗaya ya isa a ajiye takardunku gefe, kuma ba lallai a gaya muku dalili ba.

Kun gama? To ku sake dubawa, wannan karon jerin sunayen. Idan NIN ta ce Musa Garba, takardar makaranta kuma ta ce Garba Musa, akwai gyara. A fom, akwatin da aka rubuta wa Surname na sunan mahaifi ne ko na dangi, ba sunan yanka ba. Wanda ya fi yawan rikita masu koyo ke nan, kuma ba abin kunya ba ne. Ku fara rubutawa da fensir a wata takarda, ku gwada da katin NIN, sannan ku cike fom ɗin da biro.

Sai ranar haihuwa: rana, wata, shekara, duk su zo ɗaya a kowace takarda. Lambar NIN alƙaluma 11 ce, ta BVN ma 11. Ku ƙirga su da yatsa bayan kun rubuta.

In kun ga bambanci, gyaran NIN na hukumar NIMC ne, na BVN kuma a bankinku ake yi, kuma akan nemi takardar rantsuwa daga kotu. Yana cin lokaci, ku fara tun ba a yi sanarwar aiki ba. Kada ku kankare komai a takardar makaranta. Haba jama'a! Mutum da hankalinsa ya ɗauki biro ya ƙara harafi a satifiket, sannan ya kai wa banki? Sun saba gane wannan, kuma zargin jabu ya fi rashin aikin muni. Ku koma ku sake duba sunan, harafi-harafi.

Darasi na 3: Miƙa takardu

Banki ba ya karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi a ba ku gurbi, ɗan damfara ne. Kada ku ba kowa lambar sirrin katinku.

Darasi na 4: Ranar intabiyu

Ku isa da rabin awa kafin lokaci, cikin shiga mai tsabta, da takardun asali a fayil. Ku gaisa, ku jira a ce ku zauna.

Za a iya cewa, "Ga ɗan kasuwa, shawo kansa ya buɗe asusu." Ku fara da tambayarsa inda yake ajiye cinikinsa. In ya ce yana tsoron banki ya rushe, ku gaya masa hukumar gwamnati ta NDIC tana da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, tun 2024. In ya kawo zancen kuɗin ruwa, ku san tsarin bankin da kuke nema: irin su Jaiz da TAJ ba sa mu'amala da ruwa. Ku ambaci kasuwar da kuka sani da irin mutanen da za ku iya kawowa, ban da cika baki.

Darasi na 5: Bayan intabiyu

Kada ku kashe waya, za a iya kiran ku.

Aikin gida: ku rubuta cikakken sunanku sau 10 yadda yake a katin NIN, ku zo da shi aji.