Kamun kifin bas da fatsa a tafki da magudanar ruwa ta kusa da teku

Kifin bas, wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki, ɗan kwanton ɓauna ne. Laɓewa yake a gindin ciyawa, ƙarƙashin bado, jikin ginshiƙin gada ko bakin kwalbati, har ƙaramin kifi ya gifta. Wanda ya tsaya wurga fatsa can tsakiyar tafki, rana kawai zai sha.

Sanda mai tsawon mita 2 ta wadatar, da zare mai ɗaukar kilo 5. Inda ciyawa ta yi kauri kuwa, sai zaren da aka kitsa mai ɗaukar kilo 14 zuwa 20, domin bas na jin ƙugiya ciki zai faɗa, siririn zare kuma nan take zai tsinke. Ka fara zura darma mai giram 4 zuwa 7 a zaren, sannan ka ɗaura ƙugiya mai lamba 3/0. Jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja shi, in ba haka ba gogayya za ta cinye zaren. Sai ka soka tanar roba mai santimita 15, ka binne tsinin ƙugiyar a jikinta don kada ta riƙa kwaso ciyawa.

A magudana, jifa bin gaɓa ake yi, ba tsallake ba, tunda kifin yana manne da gefe inda ƙasa ta gangara. Bari tanar ta nitse har ƙasa. Ɗaga sanda kaɗan, ka sauke, ka dakata. Sau da yawa lokacin da take nitsewa yake haɗiye ta, ba za ka ji fizga ba, sai dai ka ga zaren ya ɗan zabura ko ya kama tafiya gefe. Naɗe sakin zaren tukuna, sannan ka fizga da ƙarfi.

Kusancin teku yana da nasa sharaɗin. Bas na jure ɗan gishiri, amma a rani, idan ruwan teku ya kutso, sai ya gudu sama inda ruwa ke da daɗi. Bayan ruwan sama kuwa, kwalbatin da ke zubo ruwa ya fi ko'ina, saboda abinci na biyo shi. Tsaya ka jefa daidai inda gudun ruwa ya haɗu da kwantaccen ruwa.

Asuba da dab da magariba ne lokacinsa. Da rana tsaka, inuwa kaɗai za ka bi, kuma a hankali.

Idan sakinsa za ka yi, jiƙa hannu, ka kama leɓensa na ƙasa, ka tallafi cikinsa da ɗaya hannun, don rataye babba ta baki a kwance na lahanta muƙamuƙi. Kafin ka ci na magudanar gari, duba gargaɗin hukuma kan gurɓatar ruwan, ka kuma nemi lasisi inda doka ta buƙata.